Yadda Na Sanar da Rasuwar Kawu

A Ruwan Bago, inda na tashi, ba a faɗa wa mutum mutuwar nasa kai tsaye. Dattijo ake turawa, ya je ya zauna, a gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya ce jikin ya yi tsanani, a shirya a zo gida. Kowa ya san abin da ake nufi, amma ana barin zuciya ta shirya a hanya. Na san wannan sarai, da shi aka raine ni.

Shekarar da kawuna ya rasu ina koyarwa a Ƙaraye, kuma ni ke kula da guruf ɗin 'yan garinmu a waya. Aiki ne mai cin rai, babu ko sannu. Kullum cikin goge-goge nake: hoton hatsarin motar da ba a san na ina ba ne, maganin da wai yana warkar da kowace cuta, zagin siyasa tsakanin mutanen da gonakinsu ke iyaka ɗaya. Na yi wa'azi har na gaji da jin muryata. Magana ɗaya nake nanatawa, kada a tura abin da ba a tabbatar ba.

Da hantsi aka kira ni ina cikin aji, aka ce Kawu ya cika. Labari ne tabbatacce, daga bakin wanda yake wurin. Na fito baranda na rubuta innalillahi, na sa hotonsa na sallar bara da lokacin jana'iza, na tura. A ƙarƙashin baƙin cikin har wani ɗan daɗi na ji, wai ni na fara sanarwa kuma babu kuskure a ciki. Wannan daɗin nake jin kunyarsa har yau.

Ban tuna da 'yarsa ba. Tana aure a Gwangwan, tana cikin guruf ɗin, ni da hannuna na saka ta. A daidai lokacin ƙanin Kawu yana kan babur, zai je ya gaya mata yadda aka saba. Da ya isa sai ya tarar da ita zaune a ƙasa, gyaɗar da take ɓarewa ta watse, waya a cinyarta. Babu kowa a gidan, duk sun tafi gona.

Da na ji abin da ya faru na goge saƙon, amma aikin banza, tuni an kwafe shi an yaɗa.

Ranar sadakar uku na same ta a ɗakin mahaifiyarta. Na yi mata gaisuwa, sannan na shiga kawo hujja irin ta malaman makaranta: jana'iza ba ta jira, akwai 'yan uwa na nesa, waya ta fi sauri. Ta bar ni na gama tsaf, ba ta katse ni ba.

"Yaya, ai ban ce ka yi ƙarya ba," ta ce. "Amma tsakanin tallar taki da bidiyon wani yana rawa na ga fuskar Baba. Har na wuce shi da yatsa, sannan na dawo."

Na ce Allah ya ba da haƙuri, kamar baƙon da ya zo wucewa, na tashi na nemi takalmina.