Hoton Da Na Ɗauka Don In Ci Gardama

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, ba don na cancanci a rufa mini asiri ba, sai don kada a gane dattijon da zan yi magana a kansa, abin da na jawo masa ya isa haka. A lokacin da wannan abu ya faru ni malamin firamare ne, ban cika shekara talatin ba. Haifaffen Yako ne ni, amma aiki ya kai ni wata 'yar makaranta da ke gefen dajin Falgore, inda sabis ɗin waya ba ya samuwa sai ka hau wani tudu a bayan azuzuwa ka tsaya gindin ɗorawa. Wannan tudun ya san ni fiye da yadda allon ajina ya san ni. Muna da wani zauren hira a waya, mu da muka yi kwalejin horon malamai tare, daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Daga baya aka yi ta ƙaro mutane, har da ma'aikatan ofis da 'yan siyasa, zaure ya cika ya batse. A nan na yi suna. Ba a kawo zance ban sa baki ba, ko na sabuwar waya ne, ko na zaɓe, ko na ƙarin girma a wurin aiki. Har Lauya suke kirana, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura, ina ganin duk yankin babu wayayye kamata.

Rigimar ta tashi ne da aka fara raɗe-raɗin za a kawo na'urar dangwala yatsa don tantance ma'aikata a kori na bogi. Ni na tsaya kai da fata ina yabon abin. Wanda ya ja da ni wani abokin karatuna ne da ke koyarwa a Bebeji, wanda dama siyasarmu ba ɗaya ba ce, kome na ce fari sai ya ce baƙi. Shi cewa ya yi na'urar ba za ta kama manyan ɓarayi ba, talakan ƙauye za ta murƙushe, domin mutumin da ya shekara arba'in yana riƙe fartanya zanen yatsansa ya goge. Na yi masa dariya a gaban kowa, na ce wanda duk ke tsoron na'ura to yana da abin ɓoyewa. Kwana uku muna abu ɗaya. A rana ta huɗu, wata Talata da hantsi, ya rubuta cewa surutu kawai na iya, in na isa in kawo misali guda ɗaya tak daga makarantar da nake, ba labarin da na tsinto a waya ba. Mutane suka yi ta zuga, wasu na cewa yau an kama bakin Lauya. Wallahi ina tsaye gindin ɗorawar nan sai na ji kaina ya ɗau zafi.

A makarantarmu akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Malam, shi ke riƙe da aji uku. Saura masa 'yan watanni ya yi ritaya. Shi ya koyar da rabin iyayen garin, har da hedimastanmu. Akwai wata ruga a ƙetaren rafi, kuma da damina in rafin ya kawo yaran Fulanin ba sa iya haurowa. Tun shekaru da yawa Baba Malam ya ɗaukar wa kansa cewa duk Talata da Laraba zai zo da sassafe ya sa hannu a rajista, ya rubuta wa ajinsa aiki a allo, sannan ya naɗe wando ya tura kekensa ya haura, ya koyar da yaran rugar a ƙarƙashin bishiya har azahar. Mu sauran malamai muna karɓa-karɓa wajen tsaya wa ajinsa. Babu takarda ko ɗaya a kan wannan tsari, magana ce ta baki tsakaninsa da ardo da hedimastocin da suka gabata, haka kowa ya tarar haka ake yi. Ba zan yi ƙarya in ce ban sani ba. Na sani sarai. Kuma a wannan awar da nake kan tudu ina musu, ni ne ya kamata a ce ina cikin ajin nasa.

Na sauko da sauri na leƙa ta taga. Yara sun ga babu malami, wasu na kokawa, wasu sun hau benci, kujerar Baba Malam babu kowa. Na ɗauki hoto, na koma tudu na tura. Na rubuta a ƙasa cewa ga misali nan, aji ne a makarantarmu ƙarfe goma na safe, mai ajin duk Talata da Laraba ba a ganin ƙeyarsa, amma sunansa na nan daram a jerin ma'aikata. Ban ambaci suna ba, sai nake ganin kamar hakan ya wanke ni. Zaure ya ɗauka da kirari, aka ce Lauya ya yi kaye. Ranar har tuwo na ƙara saboda daɗi.

Kafin Juma'a hoton ya fita daga hannuna. Wani ya kwafe shi da rubutuna ya kai wani zaure, daga can ya shiga shafukan 'yan siyasa. Masu goyon bayan na'ura suna yaɗa shi a matsayin hujja, 'yan adawa suna yaɗa shi don su nuna ilimi ya lalace a hannun masu mulki. Kowa da abin da yake so hoton ya faɗa. Sunan makarantar kuwa ashe yana rubuce a jikin wani benci, wani mai ido ya ƙara girman hoton ya karanto shi. Mutanen da ba su taɓa taka ƙauyen ba suka yi ta zagin Baba Malam, ana ce masa ɓarawon gwamnati, mai cin haram, wanda ya kashe rayuwar 'ya'yan talakawa. Shi kuwa ko waya mai shafawa ba shi da ita, bai san ana yi ba. Ranar Litinin ya gaishe ni kamar kullum, ya miƙo mini gyaɗar da ya zo da ita a aljihu, ya tambayi mutanen Yako. Na karɓa na ci. 

Laraba ta sama sai ga mota ta tsaya a harabar makaranta, mutum uku daga kwamitin tantancewa. Ranar suka zaɓa domin ni na rubuta musu ranakun da hannuna. Suka tarar ba ya nan. Aka tambayi hedimasta, mutumin da yake da iyali goma da tsoron kujerarsa, sai ya hau kame-kame, a ƙarshe ya ce shi dai a rubuce bai ba kowa izinin zuwa ko'ina ba. Gaskiya ya faɗa, amma irin gaskiyar da ke kashe mutum. Aka kira Baba Malam ofishin ilimi bayan sati biyu, lokacin na'urar ta iso. Na bi shi a kan babur ɗina. Ina tsaye ya ɗora babban yatsansa, na'ura ta ƙi. Aka ce ya goge a riga, ta ƙi. Aka shafa masa ruwa, aka gwada na hagu, aka bi yatsun nan goma ɗaya bayan ɗaya, tana ta nuna ja. Ya dubi hannayensa ya juya su, ya ce da ma'aikacin cikin ladabi ai su ne dai, ba shi da wasu. Abin da abokina na Bebeji ya faɗa na yi masa dariya, shi ne nake kallo da idona. Ga hoto, ga ziyarar da ba a same shi ba, ga na'ura ta ƙi shi. Aka cire sunansa, aka sa shi cikin jerin ma'aikatan bogi.

Daga nan na shiga faɗi-tashi, kuma ban taɓa sanin ni ba kowa ba ne sai a lokacin. Na rubuta dogon bayani a zauren, na faɗi zancen ruga, na faɗi cewa ni ne na bar ajin, na roƙi duk wanda ya yaɗa hoton ya yaɗa wannan ma. Mutum biyu suka ce Allah ya kyauta. Wani ya ce an dai saye Lauya. Kafin la'asar an koma musu a kan wata sabuwar manhaja da ake cewa za ta maye gurbin malamai, maganata ta nutse a ƙasa. Na goge hoton daga wurina, amma yana wayoyin mutanen da ban san adadinsu ba. Na je ofis ya fi sau bakwai. Wannan ya ce in ga wancan, wancan ya ce jerin ya riga ya wuce sama, na sama kuma ban san ƙofarsa ba. Wani babba da ya ji tausayina ya ja ni gefe ya ce in ina son kaina in daina faɗin cewa ni na bar aji, don ba zai dawo da dattijon ba, sai dai mu zama mu biyu. Ardo da kansa ya zo da mutanensa huɗu, suka yi sammako suka zauna a baranda tun safe, suna so su shaida cewa Malam yana wurinsu. Aka tambaye su ko suna da takarda. Ba su da ita. Suka sha ruwa suka koma.

A gari kuwa babu wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. In na yi sallama a majalisa a amsa a taƙaice, hira ta mutu har sai na wuce. Matar da ke kawo mana fura ta daina tsayawa a ƙofar ajina. Da labari ya kai Yako, mahaifina ya kira ni ya tambaye ni abu ɗaya, wai me dattijon ya yi mini. Na ce babu komai. Ya ce to me na samu. In na ce na ci gardama ne a waya, ban san da wane baki zan faɗa masa ba.

Sai da na yi wata guda ina kewaye gidan Baba Malam kafin na iya shiga. Na same shi da yamma a zaure yana gyaran tayar kekensa, ashe bai fasa zuwa rugar ba, yanzu ma kullum yake zuwa tunda ba shi da aji. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ya ji tun tuni, kuma ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya ce abin da ya fi damunsa ba aikin ba ne, jikarsa ce ta dawo daga makaranta tana kuka wai an ce kakanta na bogi ne, shi kuma bai san yadda zai yi mata bayani ba. Daga nan ya ce, ɗana, wai hoton nan da ake ta magana, shi bai taɓa ganinsa ba, ko zan nuna masa. Na nemo shi a wani shafi, don har lokacin yana nan, na miƙa masa. Ya nisanta wayar da idonsa ya daɗe yana kallo. Bai kalli yaran da ke kan benci ba, bai kalli kujerarsa ba. Ya sa wannan yatsan da na'ura ta ƙi a kan allon da ke cikin hoton, ya ce ga rubutunsa nan, lissafi biyar ya bar musu a ranar. Ya ɗago ya tambaye ni ko yaran sun samu sun yi.

Ban sani ba. Ban shiga ajin ba a ranar, ina kan tudu ina karɓar kirari. Dubban idanu sun kalli hoton nan, har wanda ya karanto sunan makaranta a jikin benci, amma babu wanda ya ga rubutun da ke allo, har da ni da na ɗauka. Na sunkuyar da kai na yi kuka a gabansa kamar yaro, shi kuma ya koma kan tayarsa don kada ya ƙara mini kunya.

Yau shekara biyu ke nan. Abokan aikinsa sun yi ritaya an yi musu walima, shi har yanzu takardunsa suna wani ofis ana cewa ana dubawa. Ina zuwa ina tambaya, ana ce mini in dawo. Ni da na yi laifin ina nan da aikina, kuma ni aka ba aji ukun. Kullum na ɗauki alli a gaban allon nan sai na ji kamar kayan wani na sata.

Na fita daga zauren, amma fitata ba ta gyara komai ba, an ce mini ana can ana ta musu kamar yadda aka saba. Abin da na koya shi ne, gardamar waya ba ta da gaskiya a gabanta, burinta kawai wa ya kayar da wa, kuma wanda ake kayarwa da gaske yawanci ba ya cikin zauren ma. Ina roƙon 'yan'uwana matasa, musamman ma'aikata, ku faɗi ra'ayinku a kan na'ura da siyasa da gyaran aiki, wannan ba laifi ba ne. Amma duk ranar da aka ce ku kawo misali, kuka ji hannunku ya nufi hoton wani bawan Allah da ba ya nan balle ya kare kansa, ku mayar da wayar aljihu ku bari a ce an kayar da ku. Da na yarda an kayar da ni a wannan Talatar, da kafin Laraba kowa ya manta. Ku sa Baba Malam a addu'a, Allah ya fito masa da haƙƙinsa yana da rai. Ni kuma ku roƙa mini gafara.