Waƙar da Ta Wanke Hoton Kaka

Ranar wata Alhamis ce, sati biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. Na taso daga makaranta da azahar, ko farin ɗankwalin makaranta ban cire ba, Inna ta ɗora mini kwanon kisra, wainar dawar nan mai faɗi, da miyar kuɓewa, ta ce in kai wa Baba shago, in biya wurin mai ƙanƙara kamar kullum. Baba mai hoto ne. Shagonsa yana wani lungu a Kasuwar Umdurman, tsakanin teloli da masu kayan yaji, shi ya sa duk wanda ya zo ɗaukar hoto sai ya yi atishawa kafin ya yi murmushi. A bayan labulen da aka zana wa kogi da bishiyoyin dabino, inda mutane ke tsayawa a ɗauke su, akwai wata 'yar ƙofa da aka toshe gefunanta da tsumma. Nan ne ɗakin duhu, inda ake wanke hoto. Da na isa ranar, na tarar Baba ya rufe shago ta ciki, yana zaune da nadin fim guda ɗaya a tafin hannunsa, bai ko dubi abincin ba.

Na san abin da ke cikin fim ɗin. Kaka ce, mahaifiyar Baba, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira Habboba. Tana budurwa ta baro ƙasar Hausa da iyayenta a ƙafa, da niyyar aikin hajji, suna tafiya suna tsayawa noma a gonakin mutane, har hanya ta ajiye su a bakin Nilu suka zauna. Ɗanta ya ɗauki rabin Umdurman a hoto, amare da sojoji da jarirai masu kuka, amma ita ko sau ɗaya ba ta taɓa yarda ba. Idan ya matsa mata sai ta ce, "Wanda ke son ganina ya zo, ina nan a kan gadona." Sai da wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke karatu a Khartoum ya kawo mata kaset daga ƙanenta, wanda aka bari a gida yana yaro, yana kuka yana cewa yana son ganin fuskarta kafin ya mutu, sannan ta sa farin mayafinta ta zauna a tsakar gida. Sau ɗaya ta yarda a danna. Bayan kwana tara ta rasu. Baba ya jefa fim ɗin a aljihun tebur, ya kasa taɓa shi har wata biyu, ga shi kuma ɗalibin nan zai koma gida ranar Asabar.

Ni kuwa a gidanmu ba a san ni da komai ba sai waƙa. Ina shara ina waƙa, ina cika randunan ruwa ina waƙa, ina watsa wa tattabarun Baba dawa ina yi musu amshi. A filin makaranta ma, idan muna carafke da duwatsu, ƙawayena sun sha korata don wai ina ruɗa musu lissafi. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Kaka ce kawai take dariya, tana cewa, "Ku ƙyale ta, rediyo ta haɗiya tana jaririya." Wannan halin ne ya sama mini wuri a ɗakin duhu, domin Baba da waƙa yake aiki.

Ba don nishaɗi kawai ba. Fim ba ya son ko ƙwayar haske, ko jar fitilar nan da ake kunnawa wajen buga hoto a takarda ba a kunna masa, saboda haka ba ta yadda za a ga agogo. Sai Baba ya mai da wata waƙa agogonsa. Doguwar waƙa ce ta Larabcin Sudan, wani mutum mai sanyin murya yana begen ƙauyensu na bakin kogi, da kiɗan udu, molon nan mai ƙaton ciki, mata suna karɓa masa. Baba zai riƙe fim ɗin baki da baki da hannu biyu, yana ɗaga wannan hannu yana sauke wancan, fim yana ratsa ruwan magani a cikin faranti, har sai matan sun gama amshi na huɗu, sannan ya cire. Idan ya yi gaggawa hoto ya fito kamar hayaƙi, idan ya daɗe ya ƙone. Ƙanƙarar da nake kawowa kuwa ta sanyaya maganin ce, don zafin Umdurman kan sa ya ci fim da sauri. Aikina shi ne in zauna a kan kifaffen bokiti, in danna rikoda idan ya ce bismillah.

Ban taɓa sabawa da ɗakin nan ba, duk da yawan shigata. Da an ja ƙofa, kasuwa da hayaniyarta sai su ɓace, in ɗaga hannu gaban idona in rasa shi. Sai warin magani mai kama da tsami, da motsin ruwa, sannan udu ya fara. A waje waƙa aba ce da ake ji ana wucewa, amma a cikin duhun nan sai ta cika ɗakin har ta taɓa fatar jikina, in ji kamar ni da Baba da mawaƙin kaɗai muka rage a duniya. Tsoro nake ji, kuma ba na son a buɗe ƙofa.

Ranar, Baba ya yi bismillah da wata murya da ban san shi da ita ba. Na danna. Amshi na farko ya wuce, na biyu ya soma, sai muryar mawaƙin ta ja, ta yi kauri, ta mutu. Fankar da ke shagon gaba ita ma na ji ta tsaya. An ɗauke wuta. Duhun bai canza ba, amma agogonmu ya tafi, hannayen Baba duka biyu suna kan fim, ba halin buɗe ƙofa, kuma Kaka ba za ta sake zama a ɗauke ta ba. Na ji numfashinsa ya sauya. Sai ya ce a hankali, "Kahraba ta yanke. Halima, ya bitti, 'yata, ɗauko daga inda ya tsaya."

Na buɗe baki, muryata ta fito siririya, ina gudu da baitocin kamar wadda kare ya biyo. Baba ya ce, "Ba haka ba. Tafiyar Kakarki za ki yi, ba sauri, ba tsayawa." Na sake kamawa. Na zama mawaƙin, na zama matan, har kiɗan udun da ke tsakanin baitoci na yi shi da hanci, ina buga gwiwata da tafin hannu. Ruwan farantin yana tafiya daidai da ni. A amshi na huɗu na tuna yadda Kaka take zama a bakin gado tana taya ni da kai ko da ba ta jin rabin kalmomin, sai kuka ya zo mini, na ja amshin ya yi tsawo fiye da yadda yake a kaset. Baba bai katse ni ba. Sai da na kai ƙarshe na ji ya ɗaga fim ɗin ya tsoma a ɗaya farantin.

Wuta ba ta dawo ba sai washegari, saboda haka bayan an sauko daga Juma'a muka koma buga hoton. Baba ya kunna jar fitila, ya haska farar takarda, ya zura ta cikin magani. Da farko babu komai. Can sai wasu ɗigo biyu suka bayyana, suka zama idanu, sai tsagen da ke kumatunta, sai bakin nan da ta tsuke don kada a ce ta ji daɗi. Kaka tana tasowa daga ƙarƙashin ruwa tana kallonmu. Na riƙe rigar Baba, shi kuma yana ta salati ƙasa-ƙasa. Fuskar ta fito sarai, sai dai mayafin ya yi fari ƙal, har ba a ganin ninkinsa, kamar haske ne ta yafa. Baba ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wannan hasken naki ne. Kin ja amshin ƙarshe." Na zaci faɗa ne, sai na ga yana share ido da kafaɗa. Guda biyu ya buga, ɗaya ya bi ɗalibin, ɗaya muka rataye a ɗakin Inna.

Yanzu Baba ya riga ya rasu, shagon ya daɗe da zama wurin gyaran waya, kuma da yaƙi ya tashe mu daga Umdurman mun fita da abin da hannu zai iya ɗauka ne kawai, hoton yana jikin bango. 'Ya'yana suna ɗaukar hoto ɗari kafin su gama shan shayi, su goge rabi ba tare da sun duba ba. Na riga na haƙura da fuskar Kaka, sai bara wani jikan ƙanen nan nata ya nemo ni, ya turo mini hoton wani hoto da ke rataye a zaurensu, gefensa duk ya ci. 'Yata ta leƙa wayar ta ce mayafin ya yi haske da yawa, akwai yadda za a gyara shi yanzu. Na ce ta bar shi haka. Tsawon numfashina ne a wurin, ranar da nake da uba a gefena.