Garɗin Ruwan Indararonmu

Ɗazu na ga maƙwabcina yana tarar ruwan farkon damina, sai na tuna kakata a gidanmu na Rikkos, ƙarshen shekarun saba'in.

Ruwa na saukowa ta kafa duro a bakin indararo, ba ta jira ya wanke kwano ba. Ta sha kofi biyu, ta miƙa wa maƙwabciyarmu Mama Ngozi.

"Sha ki ji garɗi, na famfo albarka."

Mama Ngozi ta ɗaga kai, ga tantabarun Baba jere bisa kwanon.

"Hajiya, wannan garɗi, su ne ya yi shi."

Washegari da miyar tantabara muka ci tuwo. Baba ya ce ya ƙoshi.

Ku a gidanku wa ke shan ruwan farko?