Kular Ƙanƙara Zuwa Tsafe

Nahuce zuwa Gusau

Ƙarfe biyar da rabi na bar Nahuce, bayan sallar asuba, da kular abincin Inna a hannu. Sati biyu ke nan da aka gwada jinin Sani, mijin ƙanwata Rabi, aka ce ƙanjamau ne. Ita gwajinta bai nuna komai ba. Wani ya rantse mini a kasuwa cewa akwai tsohon malamin asibiti a Tsafe mai allurar rigakafin cutar. Ni kuwa na sha ganin masu rigakafin ƙyanda da akwatinsu mai sanyi, shi ya sa na ɗauko kula.

Ɗan acaɓa ya kai ni Bungudu, naira ashirin. Ana wahalar mai, sai ƙarfe takwas bas ta cika. A shingen shiga Gusau wani soja ya buɗe kular, ya gan ta wayam, ya dube ni kamar taɓaɓɓe.

Gusau zuwa Tsafe

Kwana uku ba wuta a gari. Na sha yawo kafin wata mai zoɓo ta sayar mini da ƙanƙara, da tsada kamar nama. Sha ɗaya muka tashi, mu tara a fijo. Taya ta fashe a Kwatarkwashi. Ina zaune a bakin titi, ina jin ƙanƙarar tana zama ruwa, ni ma haka.

Tsafe

Ƙarfe biyu na sami tsohon malamin asibitin, Malam Garba, a zaurensa, yana cin tuwon dawa. Ya ce in sa hannu, na ci, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Wa ya ce maka ina da ita? Ko Turawa ba su da ita."

"To ta ƙyanda fa, Malam?"

"Ƙyanda fuska guda gare ta. Ka nuna wa jiki ita sau ɗaya, ya gane ta har abada. Wagga kuwa kullum sai ta canza kama, ko a jikin mutum guda. Kuma masu gadin jikin take fara kamawa, ta ɓuya cikinsu. Ba a ga wanda ya warke da kansa ba, balle a kwaikwayi yadda jikinsa ya yi."

Ya karɓi kular, ya zubar da ruwan a gindin darbejiya, ya goge ta, ya cika ta da kororon roba.

"Wannan kaɗai gare ni. Ka kai mata."

"Ni? Yayanta? Da wane ido?"

"Kunyarka ko ranta?"

A zauren na kwana, ban ji daɗin barci ba.

Komawa gida

Washegari ƙarfe bakwai na kama hanya, sai la'asar na isa Nahuce, ƙafafuna a kumbure. Rabi na tsakar gidan Inna tana sussuka, ta zo jiran saƙo. Ta taso da sauri ta karɓi kular, ta ɗora tafinta a jiki.

"Yaya, ba sanyi."

Ban iya dubanta ba. Na ce, "Babu allurar, Rabi, ba a yi ta ba tukuna. Ki buɗe a ɗakinki."

Ta girgiza kular, ta saurara, ta ɗan ɗaga murfin ta leƙa, ta gane. Ita ma ta sunkuyar da kai, amma ba ta ajiye ba. Ta rufe ta da gyale, ta nufi gidan mijinta.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Malam Garba kuwa, Allah ya saka masa, bai bar ni na dawo da ruwa ba.