Hayaƙin da Jaɓɓo bai tayar ba

A zamanin da Sakkwato ke riƙe da ƙasar nan, kafin Nasara su shigo, an yi wani Bafulatani a gefen Tozai mai suna Jaɓɓo. Gurgu ne, ga taurin kai, bai yi aure ba. Saboda ƙafar, ba ya tafiya cin rani. Ƙaninsa Boyi ke kora garke kudu, shi kuwa a bar shi a ruga da tsohuwar saniya guda. Da ita yake hira, har faɗa yake mata.

Aikinsa ɗaya ne a shekara. Idan bazara ta yi nisa, sai ya share kashin shanun da ya taru a mashekari, inda garke ke kwana, ya tula. Dole a ƙone shi kafin ruwan fari, don da zarar ya jiƙe, ƙuda ya samu wurin haihuwa ke nan. Amma a gidansu ba a sa wutar sai garke ya iso, shanu su ratsa cikin hayaƙin, wa da ƙane a tsaye tare. Haka ubansu ya bar musu.

Wata shekara gawo ya fara zubar da ganye, hadari na haɗuwa a gabas, Boyi shiru. Malami, manomin da ke maƙwabtaka da shi, ya leƙo.

"Jaɓɓo, mi kaka jira? Sa wuta mana."

"Boyi nika jira. Ban taɓa sa ta ni ɗai ba."

Ni mai ba ku labarin nan dai wauta nake kiran wannan, amma tausayinsa nake ji. Sa wutar tamkar yarda ce cewa ba mai zuwa.

Ruwa ya sauka, tulin ya zama caɓi. Ba a jima ba ƙuda ya rufe wurin. Saniyar tana da ɗan gyambo a tozo, nan suka yi mata rubdugu har ya yi tsutsa. Jaɓɓo ya yi ta hura wuta a jiƙaƙƙen kashin don hayaƙi ya kore su, bai kama ba. Ya cire rigarsa ya lulluɓe ta, ya zauna yana yi mata fifita da malafa. Ta daina cin ciyawa, ta kwanta.

Boyi bai dawo ba. Daga baya aka ji ya zauna can wajen Zamfara.

Da saniyar ta kasa tashi, wata rana da hantsi Jaɓɓo ya ɗingisa har gonar Malami, ba riga a jikinsa.

"Taho da wuƙa kahin ta mutu banza," in ji shi. "Ni ban iyawa. In ka gama, don Allah ka ɗan zamna nan, ka yi man magana."