Baƙon Hantsin Malam Eriya

Mai karatu, kada ka kuskura ka kira sha'awar wani wasan banza tun ba ka san wanda ya dogara da ita ba.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, Allah ya karɓi ran maigidana, wanda unguwa ke kira Malam Eriya saboda dogon ƙarfen da ya kafa a rufinmu.

Malam, kowa ya san ɗakinka na bayan kicin. Ga rediyon kira da amsawa, ga ɗan akwatin da ka haɗa da hannunka, kake ce masa matatar sauti. Ka murɗa nan ka datse gurnani, ka murɗa can ka rage tsuwwa, sai muryar da ta nutse cikin ƙara ta taso.

Da matatar nan kake jin wani tsoho mai gadin gona a bayan duwatsu, inda waya ba ta kamawa. Rediyonsa ya gaji, sauran abokan sha'awarku sun daina amsa masa. Kai kuwa kullum da hantsi kana zaune kana jiransa. Ranar da ƙafarsa ta kumbura, kai ka ji, kai ka tura masa mota. In na kunna injin markaɗe, rediyon ya ɗauki ƙara, sai ka leƙo ka ce, "Maman yara, kin markaɗe mini baƙo."

Bayan an kai ka, samarin gidan nan suka fara zancen kai kayanka wa masu gwangwan. Ko kunya babu! Autarmu ce ta shige ɗakin, ta murɗa matatar yadda ta ga kana yi, har ta kamo tsohon yana ta kiran sunanka. Ta faɗa masa ka rasu. Sai ya ce, "To 'yata, gobe in kira, ko in bari?"

"Kira, Baba," in ji ta.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya saurare ka yadda ka saurari mai rauni. 'Yan'uwanka da abokanka, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ku kuma 'ya'yana, ku buɗe kunne. Ko ƙusa ba za ta fita daga ɗakin nan ba. Kuma da hantsi a gidana ba markaɗe, ba kiɗa, ba ihu, sai Auta ta fito ta ce mini tsohon ya kwana lafiya.