Ganyen Kusa da Taga

A maɗaba'ar da ke bayan tsohon coci a Kottayam babu wanda ya kai Chandy daɗewa. Makarantar mishan ya yi, zamanin da ake dukan yatsu a kan harafi karkatacce, ya fito da rubutu kamar na inji. Shi ne akawu, shi ke biyan albashi. Ƙarshen wata sai ya sa farar riga mai guga, ya kira kowa da cikakken sunansa, ya miƙa masa ambulan da hannu biyu. Kowa chetta yake ce masa, wato yaya, har waɗanda suka girme shi.

Gidan yana da al'ada. Ran bikin Onam, idan an shimfiɗa ganyayen ayaba a ƙasa don cin shinkafa, ganyen farko, na kusa da taga, na wanda albashi ke fitowa ta hannunsa ne. Maigida kansa a na biyu yake zama. Chandy bai taɓa yin zancen ganyen nan ba, amma duk shekara saboda shi yake sayen sabon zane.

Da Lissy, 'yar maigida, ta karɓi ragama, sai ta miƙa lissafin albashi ga wani kamfani a Kochi. Ba a kori Chandy ba, an bar masa duba kurakuran bugu. Albashi ya koma faɗawa banki, mai tambaya kuma ya aika saƙon waya, wata Shainy ta amsa nan take.

"Chetta, yarinyar nan akwai kirki," in ji Thankamma mai ɗinkin littattafai. "Har ciwon gwiwata ta tambaya."

"Ni ban taɓa tambayar gwiwarki ba?"

"Kai cewa kake in rage tuya."

Velayudhan mai inji ya ƙyalƙyale da dariya. "Tsoho, kishi kake da waya?"

Chandy ya gyara tabarau, ya ce shi bai san kishi ba, a mishan ba a koyar da shi. Amma ranar ko shayi ya ƙi sha da su.

Onam ya matso. Ma'aikata suka ce al'ada al'ada ce, a gayyato Shainy ta zauna kusa da taga. Lissy ta buga waya Kochi a gabansu. Ta saurara, ta rufe baki tana dariya, sannan ta ce ai babu wata Shainy. Sunan tebur ne kawai. Mutum uku ke amsa saƙo da shi bi da bi, ɗayansu ma namiji ne mai gashin baki.

Chandy ya miƙe kamar an mayar masa da ƙuruciya. "Kun ji ko? Thankamma, mai gashin baki kika kai wa ƙarar gwiwa! Yanzu wa za ku zaunar, teburin?" Har ya fara tunanin launin bakin zanen da zai saya.

Thankamma ta ƙirga da yatsu.

"Uku ne? Ayya, bayin Allah, ga su nesa da gida ran biki. To a shimfiɗa ganye uku."

Haka aka yi, ran biki su ukun suka zo. Chandy da kansa ya shimfiɗa su, tsinin kowanne yana duban hagu yadda ya dace, don hannunsa bai iya aikin banza ba. Maigida ya zauna a na huɗu, shi a na biyar. Mai gashin bakin ya yaba miya, ya ce masa chetta. Chandy ya amsa da ladabi, ya janye kwanon payasam, kunun madara mai zaƙi, zuwa gefensa.